Gam Ɗin da Ya Bushe a Gaban Suruki

Tunda ka ce nauyin baki ne ya hana ka faɗa wa yayanka gaskiya, zauna ka ji wannan misali, sannan ka je ka yi abin da ka ga dama.

An yi wani mai aikin dutse, irin masu shimfiɗa mabul a kan teburin kicin na gidajen masu hali. A hannun wani dattijo ya koyi sana'ar, dattijon kuma ya yaba da hankalinsa har ya ba shi auren 'yarsa. To ka ga nauyi ya zama biyu, ga na ubangida ga na suruki. Shekara ashirin suna aiki tare, bai taɓa haɗa ido da tsohon ba, balle ya ce masa ya yi kuskure. Wata rana suka sami aiki a wani sabon gida, falle biyu na baƙin dutse da za a haɗa baki da baki kusa da wurin wanke-wanke. Shi gam ɗin dutse ba ya jiran kowa. Da an kwaɓa shi, kafin mutum ya shanye kofin shayi ya fara kamewa. Tsohon da kansa ya shafa, ya matse fallayen, ya bi mahaɗar da babban yatsa kamar yadda ya saba. Sai dai ido ya fara hazo, fatar yatsan kuma ta yi kauri, ba ta jin komai. Mutumin yana tsugune a gefe, ya ga fallen dama ya ɗara na hagu tudu da kaurin farce. Dannawa ɗaya da tafin hannu ta isa ta gyara. Amma ga Alhajin da ke da gidan a tsaye yana ta zuba wa tsohon yabo, ga masu fenti suna leƙe. Mutumin ya buɗe baki, ya yi gyaran murya, ya mayar ya rufe. Tsohon ya ce, "Ya zauna ko?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya zauna, Baba."

Wata biyu da tarewa, kaurin farce ya fara aikinsa. Faranti ya zo wucewa ya yi tuntuɓe, ruwa ya kwanta, dauɗa ta taru, ranar nan kuma bakin dutsen ya yanki uwargidan Alhaji a hannu tana goge tebur. Alhaji ya aiko. Mutumin ya tare ɗan aiken a ƙofa don kada tsohon ya ji, ya ɗauki kayan aiki ya tafi shi kaɗai. A nan ya san abin da ya jawo wa kansa. Gam ɗin da a da yatsa ke iya turawa, yau ya fi dutsen taurin kai. Sai da ya kwance famfo, ya shiga ƙarƙashin tebur a rigingine ya yanke abin da ke riƙe da fallen, sannan ya dawo sama yana gasa mahaɗar da injin hura zafi, yana cusa reza a hankali, yana kankarewa. Reza ta karye ya sa wata. Yatsu suka ƙone, gwiwa ta kumbura, baya ya riƙe har ruku'u ya zama masa aiki. Kwana uku yana wannan, uwargida na girki a tsakar gida da kurfotin gawayi, duk wucewar da za ta yi sai ta ja tsaki. Ya gaji, irin gajiyar da ba ta tsaya a jiki ba, domin kowace reza ya ɗauka sai ya tuna cewa ya gani ya yi shiru. A yammacin rana ta uku mahaɗar ta saki, amma ba ta saki kyauta ba: kusurwar dutsen ta ɓalle, guntu kamar ɓarin goro ya biyo gam. Ya zaga kasuwa, babu irin dutsen. Dole ya daka guntun ya kwaɓa garinsa da sabon gam, ya cike, ya daidaita fallayen, ya goge. Tebur ya miƙe sumul, tabon kuwa ko makaho ya shafa zai ji.

Alhaji ba mai riƙe magana ba ne. Kafin Juma'a unguwa ta ji cewa hannun tsohon ya mutu, ya yi aikin da sai da aka farfasa aka sake. Gidaje biyu da aka yi masa alkawari aka ba wani. A bakin masallaci tsohon ya tsinci labarin, a bakin mutanen da a da ke miƙewa in ya iso. Ya koma gida ya sa aka kira masa mijin 'yarsa. Mutumin ya cire takalmi tun daga nesa, ya zo ya tsuguna. Tsohon ya dube shi ya tambaya, "Ranar nan ka gani?" Ya ce, "Na gani, Baba." Tsohon ya gyaɗa kai. "Da ka taɓa ni ka nuna mini, da kunyar minti ɗaya zan ji, a gaban masu fenti biyu. Yanzu ka bar ni da ta sauran kwanana." Daga ranar tsohon bai sake ɗaukar kayan aiki ba, kuma bai sake tayar da maganar ba. Mutumin ya ci gaba da sana'a, yana zuwa gaisuwa kowace safiya, ana amsa masa lafiya lau, shi ke nan.

Saboda haka tashi ka je wurin yayanka yau, tun magana ba ta kame ba. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.