Hular Saje a Gaban Mota

Kai da ka sa kaki bana, ka riƙe wannan misali, domin ba kowane soja harsashi ke kayarwa ba.

An yi wani saje, mai igiya uku a hannun riga, wanda tun shigarsa aiki ba a taɓa tsayar da shi gaban kwamanda a kan wani laifi ba. Ya je daji ya dawo, ya sake komawa ya dawo, har furfura ta fara keto masa. Abin da ya rage masa shi ne ya cika wa'adinsa, ya ajiye kaki da mutunci, ya koma garinsu ya ci fansho. Matarsa marainiya ce. Wanta ne ya riƙe ta, shi ne kuma ya tsaya waliyyinta ranar ɗaurin aure. Saboda haka saje bai taɓa kiran sunan mutumin nan ba, bai taɓa kallon tsabar idonsa ba, in ya shigo gidan sai saje ya sauka daga kujera ya koma tabarma. Shi wannan wa nata direba ne, yana jigilar albasa a a-kori-kura zuwa ƙauyukan bakin daji.

Wata rana saje yana gida hutu, surukin ya kawo ziyara. Ya ci tuwo ya wanke hannu, sai idonsa ya faɗa kan wata tsohuwar hular soja rataye a ƙusa. Ya ce, "Saje, wannan ai ta gama aiki. Ba ni ita in ɗora a gaban mota. Masu shingen hanya sun ishe ni, kullum sai sun sa na sauke buhuna a rana, albasa na ruɓewa." Saje ya san kayan soja na gwamnati ne, ba a aronsu, ba a kyautarsu. Ya san lambarsa na rubuce a cikin hular, domin shi da kansa ya rubuta ta kamar yadda ake koya wa kowane kurtu. Kalmar a'a ta taso masa har maƙogwaro, kunya ta danne ta. Ya dubi ƙasa ya ce, "Ai ba komai, Yaya." Ya miƙa hular da hannu biyu, matarsa na tsaye a bakin ƙofa.

Hula ta yi aikinta, in an hango ta ta gilashi sai a ɗaga wa motar hannu. Ana nan har ranar da motar ta faɗa shingen wani hafsa wanda hula ba ta ba shi tsoro. Ya sa aka sauke buhunan. A ƙarƙashin albasa aka tarar da jarkokin fetur, a hanyar da aka haramta kai mai saboda 'yan bindiga da baburansu. Hafsa ya juya hular, ya karanta lamba. Kafin mako ya zagayo saje na tsare a bariki.

Aka naɗa masa hafsan da zai kare shi a kotun soja, mutum mai haƙuri, masanin doka. Ya zaunar da shi ya ce, "Saje, ka gaya mini gaskiya tun daga tushe. Bayar da hula laifi ne, amma laifi ne da za a iya rage maka igiya a bar maka aikinka. Idan akwai wanda ya ji dalilin da ya sa aka roƙe ka ita, a kira shi shaida." Saje ya hango matarsa tsaye a gaban hafsoshi tana nuna wanda ya yi mata uba. Zuciyarsa ta kasa ɗauka. Ya ce hular ɓata ta yi, bai san yadda ta kai hannun kowa ba. Abin da ya gaya wa mai kare shi ke nan, shi ya kuma maimaita bayan ya yi rantsuwa.

Sai aka shigo da surukin. Ko ƙasa bai duba ba. Ya ce, "Shi ya ba ni da hannunsa biyu. Fetur ɗin ma tare muke yi." Ya kwatanta ƙusar, ya kwatanta tabarmar. Kotu da kanta ta kira matar, ta rantse, tana kuka ta faɗi abin da ta gani. Ba a sami hujjar fetur a kan saje ba, amma an same shi da bayar da kayan gwamnati da ƙarya a bisa rantsuwa, kuma laifi na biyu ya fi na farko nauyi. Aka tsayar da shi a filin fareti, aka ɓalle igiyoyin nan uku a gaban kuratan da shi ya koya musu tsayuwa. Bai ɗaga kai ba, takalmansa yake kallo har aka gama karanta hukuncin kora.

Ya koma garinsu ba kaki, ba fansho. Ya daina zama majalisa, a masallaci kuwa sahun ƙarshe yake tsayawa don ya riga kowa fita. Da surukin ya gama zaman gidan kaso, sai ga shi da sallama. Ya ci tuwo ya wanke hannu, ya leƙa ƙarƙashin gado ya ce, "Saje, tunda aikin ya ƙare, takalman nan fa?"

Shi ya sa Hausawa suka ce, kunyar marar kunya asara ce.