Amaryar da Ba Ta Iya Saƙa Ba

Tsintsiyar ta sami ma'aikaciyar asibitin a gadon baya daidai lokacin da take cewa, "Ƙara matsawa, Mbah, saura biyar."

Da hannun dama Mbah Ngatinem, wato Kaka Ngatinem, ta yi jifar, don shi ya rage mata. Na hagun, tun da ɓarin jikinta ya shanye wata huɗu da suka wuce, yana kwance a cinyarta kamar kifin da ya kwana. Matar da ta shekara arba'in tana ciyar da rabin kasuwar garin Klaten, ita za a miƙa wa jan ƙwallon roba a ce ta matsa, ana ƙirga mata kamar 'yar yaye? Mai ƙirgar ma ba a ganin fuskarta, takunkumi har gindin ido. Ta zuri takalmanta masu ruwan ɗorawa a bakin ƙofa ta haye babur, ko ƙwallon ba ta tsaya ɗauka ba.

Da labari ya kai birnin Surabaya, Wuryani 'yar Mbah ta yanke magana ɗaya. Idan Ƙaramar Sallah ta zo uwarta ba ta iya ɗaura zaninta da kanta, ba ta iya ɗora tukunya, za ta kulle gidan ta tafi da ita can benenta, hawa na goma sha huɗu, inda ko kaza ba a kiwo. Mbah ta ce sai dai a ɗauki gawarta. Amma ta san 'yar da ta haifa.

Sati biyu bayan haka wata yarinya ta yi sallama, da dogon mayafi da damin ɗanyen ganyen kwakwa. Ta tuɓe takalmanta ta cusa can ƙarƙashin benci, ta shigo a durƙushe. Sunanta Ningrum, amarya ce, uwar mijinta za ta zo Sallah, ita kuwa ba ta iya saƙa ketupat ba, 'yan kwandunan nan da ake dafa shinkafar Idi a ciki.

"In ta gane na kasuwa na sayo, Mbah, kashina ya bushe."

Mbah ta dube ta tun daga ka har ƙafa, ta leƙa waje. "Uwarki me take yi kina girma, Nduk?" Haka tsofaffi ke kiran yarinya a nan.

"Tana tura ni makaranta."

"Ga ribar nan."

Mbah dai ta ga sakarkaru a unguwar nan, ba ta ga kamar wannan ba. Ganye biyu ne fa kawai, a naɗa ɗaya a wannan hannu, ɗaya a wancan, a riƙa cusa su cikin juna. Abin da Ningrum ta saƙa ya fito kamar kwaɗon da keke ya taka. Mbah ta yi tsaki ta fizge ganyen. To ketupat ba ya saƙuwa da hannu ɗaya. Dole ta ce a naɗa mata ɗayan a mataccen hannun, ya yi aikin turke. Ganyen ya zame. Aka sake. Ran na huɗu babban yatsa ya gaji da abin kunya, ya danne shi.

Litinin da Alhamis take zuwa, da hantsi, awa guda cif ta tashi, wai tuwon miji. Kullum ta hagun Mbah take zama, nan take zube ganyen, sai tsohuwa ta miƙa. Kuma idonta ba ya kan saƙar.

"Ganye ake kallo, ba yatsuna ba. Shi ya sa kanki bai ɗauka."

Ba saƙa kaɗai ba. Zani ma bai zama a ƙugunta, sai da Mbah ta miƙe ta jingina da tebur ta nuna mata sau nawa. Ludayi ya ƙona ta, ta naɗe mariƙinsa da tsumma har ya yi kauri, ta bar shi haka, Mbah ta ga ya fi riƙuwa ta ci gaba da aiki da shi. Tukwane sun yi mata nisa, ta sauko da su ƙasa. Ta zame a makewayi, washegari ta sa aka kafa gora a jikin bango. Duk azumi haka aka yi shi, ana zagi ana saƙa.

Jajiberin Sallah Wuryani ta sauka da babban akwati wayam da sabon kwaɗon kulle gida. Ta sami uwarta tsaye a kicin, zani ɗaure tamau, ketupat arba'in na rataye suna ɗiga. Wasu sun karkace, yatsu biyu har yanzu barci suke, amma ko ƙwayar shinkafa ɗaya ba ta zube ba. Ta ja zanin ta ji ko zai kwance, Mbah ta make mata hannu. Da hagu. Wuryani ta zauna kan akwatin ta yi kukanta, ta mayar da kwaɗon jaka.

Da la'asar Ningrum ta zo yin bankwana, da tata saƙar, har yau kamar kwaɗon da keke ya taka. Mbah ta ɗaure mata goma masu kyau.

"Na uwar mijin ne, in akwai ta."

Sannan ta zura hannun hagu cikin zaninta, ta fito da jan ƙwallon roba, ta matsa shi a gaban hancin yarinyar, ɗaya, biyu, har biyar.

"Ga biyar ɗinki da suka rage. Gobe in za ki yi wa tsohuwa ƙarya, Nduk, ki canza takalman nan masu ruwan ɗorawa."