Bindigar Da Ba Ta Cin Harsashin Kasuwa

Tunda zancen kyauta ya taso, gyara zama ka ji wani misali.

An yi wani mutum da ya ƙare ƙuruciyarsa a ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa, inda ake fere ƙarfe kamar ana fere rogo. Da ya yi ritaya sai zaman banza ya gagare shi, don hannu ya riga ya saba. Ya nemi izinin hukuma, ya share gefe guda a zaurensa, ya shiga ƙera bindigar farauta. Ba don sayarwa ba, kuma shi ko zomo bai taɓa harbi ba. Daɗinsa kawai ya goge ƙarfe da magagari har ya yi santsi, ya sassaƙa ƙota da itacen maɗaci, ya ɗora a kafaɗa ya ji ta zauna daram. A hankali harsashin kasuwa ya daina gamsar da shi: wannan ya cika ƙiba, wancan yana karkata. Sai ya zauna ya tsara nasa, siriri mai dogon wuya, ya yi ta gwaji a jikin wani suri a bayan gari. Damina ta zo ta wuce, rani ya zo ya wuce, kafin ya sami wanda ya kwanta masa a rai. Sannan ya ƙera bindigar da za ta ci shi. Ta fito abin kallo. Ka aza ƙwallon goruba a kan kututture can nesa, sai ta tsince shi. Aibinta ɗaya ne, shi kuwa bai ɗauke shi aibi ba: duk faɗin ƙasar babu harsashin da ke shiga cikinta sai wanda ya fito daga hannunsa.

Yana da wani amini tun na yarinta, manomi a wani ƙauye a hayin kogi, wanda mugun dawa, wato aladen daji, ke tone masa rogo kowace shekara. Shi ya kai wa bindigar kyauta, da jakar fata cike da harsasai. Manomin ya karɓa da hannu biyu, ya rasa bakin godiya. Maƙerin ya ce, "In sun ƙare ka zo. Ni da kai ai ba sai an roƙa ba." Can cikin ransa ma ya ji daɗin hakan, domin tun rasuwar matarsa masu leƙo zaurensa suka ragu, ga shi yanzu ya sami abin da zai riƙa kawo masa amininsa. Haka kuwa aka yi. Manomi ya zo, su ci tuwo, su sha hira, ya koma da jakarsa a cike.

Sai wata shekara ruwa ya yi gyara, kogi ya cinye gada, masu kwalekwale ma suka ɗaure jiragensu. A daidai lokacin zazzaɓi ya kwantar da maƙerin. Yana kwance hankalinsa na hayi, don ya san rogo ya nuna, ya kuma san jakar nan ba ta kai yanzu ba. Yakan lallaɓa ya zauna gaban kayan aikinsa, ya haɗa abin da ya samu, ya koma ya kwanta. Ruwa na janyewa ya ƙetara, ko ƙarfi bai gama dawo masa ba. Ya tarar an tone rabin gonar, ramuka ko'ina, karan rogo a zube suna bushewa. A cikin ɗaki ga bindigarsa rataye a bango, an shafe ta da mai, an naɗe ta da farin ƙyalle. A bakin ƙofa kuwa an jingine wata tsohuwar bindiga adaka, ƙotarta a tsage an ɗaure da waya, bakinta baƙi ƙirin da hayaƙi.

Ya nuna ta da haɓa, ya ce, "Wannan fa?"

Manomin ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ta marigayi babana ce, Injiniya. Da harsashinka ya ƙare na zaga kasuwannin wannan hayi kaf, duk wanda na nuna wa kwanson sai ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Ina yawo, su kuma suna tono. Sai na tuna da ita a bayan rumbu. Ba ta da saiti, ka nufi gabas ta nufi kudu. Amma albarushin ko'ina tana ci, kuma ƙararta na korarsu. Ita ta tsare mana abin da ya rage. Kada ka ji wani abu, don Allah."

Maƙerin ya ji jakar harsasan da ya kawo, wadda ke rataye a kafaɗarsa, ta yi masa nauyi. Ya dubi aikin hannunsa a bango, kyakkyawa kamar amarya, ya dubi gonar ta ƙofa. A nan ya gane cewa ya ba amininsa bindiga, amma ya riƙe abincinta a aljihunsa. Bai yi fushi ba, idanunsa dai suka ciko. Can ya ajiye jakar, ya ce, "Miƙo min ita, mutumina." Ya zauna a inuwar ɗorawa, ya ɗora adakar a cinya, ya fara warware wayar a hankali. Bai bar ƙauyen ba sai da ya sassaƙa mata sabuwar ƙota, ya miƙe mata saiti, ya bar ta tana cin albarushin da ta saba ci.

Ka ga, ba mugunta ya yi ba, ƙauna ce da son aikinsa suka rufe masa ido. Amma abin da ba zai amfane ka ba sai ka koma wurin mai shi, komai kyansa, aro ne. Shi ya sa Hausawa suka ce, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.