Launin da Rumfa Ta Cinye

"Umma, me ya sa jinina baƙi ne, alhali Kaka ta ce jini ja ne?"

Kubura ta kama yatsan 'yarta Nasiba. Gilashi mai kusurwa uku da yarinyar ta tsinto a akwatin kakarta ne ya yanke ta. Tun da aka shimfiɗa Rumfa a saman Kano don tare zafin rana, hasken da ke saukowa babu ja a cikinsa. Tumatir baƙi, manja baƙi, kowa ya saba.

Tana ɗaure yatsan, yarinyar ta ɗaga gilashin saitin taga. Launuka suka zube a bango, shuɗi, kore, rawaya, sai wani gurbi wayam.

"Nan ne mazaunin jan ko? Kaka ta ce yana can waje, inda Rumfa ba ta kai ba."

"Can rana saɓule fata take yi, 'yar nan. Kawo shi."

Ta miƙa ba gardama. Kubura ta ɓoye shi ta dawo, sai ta tarar da ita tana saka takalmi.

Mai karatu, in ɗanka ya daina tambaya, kada ka ɗauka ya haƙura. Tashi ka duba ƙofa.