Kek Ɗin Hiltrud

Akwai mata uku a ƙauyen nan da ya kamata a ƙwace cokulansu har abada. Shekara da shekaru suna yanke wa girkin mutane hukunci. Su lumshe ido, su tauna a hankali, su gyaɗa kai kamar likitoci, alhali harshen nasu bai san bambancin bota da man keke ba. Ba sai na kama suna ba. Shugabar matan tanderu, matar mahauci, da ƙanwar fasto: kowa ya san su.

Tanderunmu ɗaya ne, na bulo, a bayan coci, ya girmi kakar kowa. Idan kaka ta shigo, tuffa ta fara zubowa, gidaje goma sha biyu ke jefa ƙuri'a a cikin hula don a san wa zai fara hura wuta, wa zai biyo baya. Su ne masu gurbi a teburin bikin godiyar girbi. Gurbin farko, dab da ƙofa, na Hiltrud Häberle ne shekara talatin da ɗaya. Kafin fasto ya gama gaisawa da jama'a, kek ɗinta na tuffa ya ƙare.

Hiltrud mace ce mai son ado. Zobe huɗu a hannu, farce a gyare, ta shigo ɗakin gashi da tire lulluɓe da farin ƙyalle, mijinta Ottmar na biye da rungumar itace. In an tambaye ta sirrin kwaɓin, sai ta ce, "Ku dai ku yi dacen miji, sauran ba wuya." A yi ta dariya.

Ta rasu a watan Afrilu.

Ranar ƙuri'ar bana sai ga Ottmar, tsohon mai raba wasiƙu, da hularsa a hannu, shi kaɗai namiji cikin mata goma sha ɗaya.

"Ottmar, ka ɓata hanya ne?" in ji matar mahauci. "Mashaya tana can gangare."

"Na zo ɗaukar wa gidanmu ƙuri'a ne," ya ce. "Ina so katin nan mai sunanta ya zauna a gurbinsa. Ko na bana kaɗai."

Doka ta ce idan mai gashi ta mutu, gurbi ya tashi, sai in magajinta ya gasa, manyan matan nan uku sun ɗanɗana sun yarda. Surukar Shugaba kuwa shekara bakwai tana jiran gurbi. Ba wanda ya ambaci wannan, amma har karen coci ya sani.

Ottmar ya sa hannu a hula ya zaro lamba ɗaya, wadda kowa ke gudu, domin tanderu mai sanyi shi ne mai gardama. Ya hura, ya jira, ya share garwashi, ya watsa fulawa kaɗan a kan bulo ya ga yadda ta yi ja. Sannan ya zura tiren.

"To, ko ba komai ya iya wuta," in ji Shugaba. "Jaki ma ya san hanyar gida."

Ƙamshin ya kai har tashar bas. Aka yanka, aka zuba wa alƙalai.

Shugaba ta tauna, ta daɗe tana kallon rufi. "Kirfa ta yi yawa. Hiltrud da ido take aunawa, kuma idonta bai taɓa kuskure ba."

"Ƙasan ya yi nauyi," in ji matar mahauci, bakinta cike. "Hannun namiji ne, ana ji. Kwaɓi ba siminti ba ne, bawan Allah."

Ƙanwar fasto kuwa kuka ta fashe da shi. "Sai yau na tabbata ta tafi," ta ce, tana miƙa faranti a ƙara mata.

Yanka bibbiyu suka ci, matar mahauci uku, don a yi adalci wai.

Ottmar yana tsaye jikin bango. Wuyansa ya yi ja. Ya buɗe baki ya ce, "Ai wannan kek ɗin..." sai ya tsaya. Idonsa ya sauka kan katin da ke gaban tiren, wanda aka rubuta sunan matarsa da tawada mai ruwan zinariya. 

"Kana cewa?" in ji Shugaba.

"Ba komai. Kun yi gaskiya. Ba za a sake irin nata ba."

Suka dafa kafaɗarsa, suka yaba ƙoƙarinsa yadda ake yaba wa maras lafiya da ya iya shan kunu. Ya ɗauki tirensa ya fita.

Ranar biki, kek ɗin surukar Shugaba ne dab da ƙofa. Har aka naɗe tebura rabinsa na nan, zanzaro na shawagi a kai. Ottmar bai zo ba. Kafin ƙanƙara ta fara sauka ya kulle gidan ya koma wurin 'yarsa a birnin Ulm. Matan uku kuwa har gobe suna ba da labarin yadda suka kare martabar marigayiya daga hannun ɗan koyo.

To, ku saurara. Tagar kicin ɗina tana kallon ta su Ottmar, taku shida tsakani, kuma ba su taɓa sa labule ba. Shi ya zaɓi ya rasa gurbin maimakon ya tona wa matarsa asiri a kabari. Ni ban yi wa kowa alkawari ba. Kaka talatin da ɗaya ina kallon Ottmar yana fere tuffa, yana auna kirfa, yana murza kwaɓi, Hiltrud na zaune a kujera tana karanta masa jarida, don ko ƙwai ba ta iya dafawa ba. Wadda ta isa a cikin matan nan uku ta zo ƙofata ta ce ƙarya nake.