Alamar da ke Katangar Baba Hama

Jan fentin bai gama bushewa ba sa'ad da Baba Hama ya dawo daga sallar asuba. Ya shafa katangar, ya kai yatsan kusa da idonsa mai yana, ya shinshina. Duk Gaya an san wannan alamar. Gidan da aka gicciya wa ja, ta kansa layin jirgi zai bi.

Ƙaramin jirgin ƙasa ne na cikin gari, wanda 'yan lakwal, wato yaran makarantar boko, ke kira taram. An ce zai taso daga tashar motocin Dosso, ya ratsa kasuwa, ya gangara gadar Malanville. An sha sauya masa hanya, yau ta bayan duwan, wato ofishin kwastan, gobe ta gefen lambuna. Amma ba wanda ya taɓa cewa zai sauko unguwar masunta, can bakin kogi.

"Mansura!"

'Yarsa ta fito, hannayenta cikin mayafi. Ta dubi alamar, ta sunkuyar da kai.

Gidan ba wani gida ba ne. Tun ambaliyar bara katangar baya ta tsage, aka tokare ta da katakon tsohon kwale-kwale. A baran ruwa ya hau har gado, maƙwabta suka gudu tudu, shi kuwa ya ja kwale-kwalensa tsakar gida ya zauna a ciki. Ƙanwarsa Fatuma ta zo tana kuka, ta ce ga ɗaki a gidanta na kan tudu. Ya ce shi masunci ne ɗan masunci, in aka ji ya gudu don ruwa, da wane ido zai dubi mutanen kwata, can bakin ruwa inda masunta ke haɗuwa? Kuma a ɗakin nan matarsa ta cika.

Ya sa babbar rigarsa ya tafi meri, ofishin magajin gari, Mansura na biye. Aka ce su jira. Suka jira har azahar, sannan aka ce mai awo zai zo ya duba.

Hadari kullum sai ya haɗo ta gabas. Direbobin da ke saukowa daga Niamey suna cewa kogi ya cika ya fara cin gonakin shinkafa. Baba Hama ya daina cin abinci, sai ya zauna gindin katangar da sandarsa kamar mai gadin gawa. Mansura ma ta rame. Da an yi sallama a ƙofa, sai ta shige ɗaki.

Mai awon ya zo da hantsi. Halidu ne, dogon nan mutumin Dosso da ke sayen soyayyen kifinta a gindin itacen bedin da ma'aikata ke ajiye kayan aikinsu. Bai taɓa ce mata komai ba bayan gaisuwa, amma kullum sai ya bari kowa ya watse kafin ya miƙo kwanonsa.

Ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku, ya leƙa, ya daɗe yana leƙawa. Ya waiwaya can wajen lambuna inda turakunsa suke a jere. Sannan ya zo gaban katangar, ya ranƙwafa don ya duba alamar da kyau.

"Ɗana, ka faɗa mini gaskiya," in ji Baba Hama. "Ko'ina gidaje, sai nawa kaɗai?"

Halidu ya shafa fentin da yatsa. Mansura ta kawo masa ruwa, hannunta ya fito daga mayafi, yatsun jajir.

"Dube ta," in ji tsohon cikin ɗaci. "Za a rushe gidan ubanta, ita lalle take ƙunsawa."

Halidu ya karɓi kwanon. Bai sha ba. Mansura ta mayar da hannunta cikin mayafi. Duk addu'ar da ta sani ta karanto a zuci, ta ƙare, ta sake daga farko. Kalma ɗaya daga bakin mutumin nan za ta yanke komai.

"Baba, ka yi haƙuri," ya ce a hankali. "Ba yadda na iya. Ku kwashe kaya kafin Juma'a."

Mansura ta zube a ƙasa, ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza. Matan unguwa suka kewaye ta suna ba ta baki.

Aka ɗora gado da taru da tukwane a kan sharet, wato amalanken jaki. Baba Hama ya bi bayan jakin yana tsine wa jirgi da wanda ya kawo shi. A kwata ba wanda ya yi masa dariya. Kowa cewa yake, "Bawan Allah, hukuma ce ta tashe shi. Da ruwa ne, ko gezau."

Ranar Juma'a ana saukowa daga masallaci sama ta ɓalle. Kafin la'asar kogi ya shigo unguwa. Katangar baya ta kwanta, rufin ya rufto daidai inda gadon tsohon yake a da. Katafila ba ta taɓa zuwa ba.

"Masu jirgi sun ci sa'a," in ji Baba Hama a gidan Gwaggo Fatuma, yana shan kunu a karo na farko tun da aka yi alamar. "Kogi ya yi musu aikinsu."

Washegari Halidu ya zo jaje. Da zai tafi, Mansura ta rako shi zaure, hannayenta cikin mayafi. Ya ciro 'yar kwalba daga aljihu ya miƙa mata, idonsa a ƙasa.

"Turare?" ta tambaya.

"Turaren yana nan tafe, in kin yarda," ya ce. "Wannan kananzir ne. Layin ko kusa da gidanku bai bi ba, Mansura. Ki wanke hannunki kafin idon Gwaggo ya kai kansa, don jan fentinmu sabulu ba ya fitar da shi."