Maƙogwaron Barde

A shekarar da fetur ya gagari kowa, janareta ɗaya ne ke ƙara a layin su Alhaji Baƙo a Kabo, na gidansa, shi ma ba don mutanen gidan ba. Fanka a kashe take, firji ya koma ma'ajiyar kwanuka. Wutar duk tana tafiya ne ga wani ɗan inji mai hura iska a cikin akwatin gilashin da ke falo, inda Barde yake.

Barde kifi ne. Dangin karfasa, in ji wanda ya sayar da shi a Legas, amma na tafkin Malawi, wanda ba ya cin komai sai ɗan'uwansa kifi, shi ma mai rai. Launinsa toka-toka ne da dabbare-dabbaren baƙi. Kullum bayan la'asar Alhaji zai tara baƙi, ya saki ƙananan kifayen dam ɗin Guzuguzu a ruwan. Barde zai kwanta a kan yashi kamar mushe, su matso, ya haɗiye ɗaya. Alhaji ya gyara babbar riga ya dubi jama'a, sai ka rantse shi ya haɗiye.

Matarsa Hajiya Uwaliya ta taɓa cewa rabon tukunyarta da nama tun Layya. Ya ce, "To Hajiya, ke ma ki koyi farauta mana."

Ana haka labari ya zo cewa Alhaji Dalhatu na Gwarzo, abokin hamayyarsa a harkar motocin haya, ya sayo irin kifin. Ku ji rashin kunya! Da Shari'a ta zo, Baƙo ne ya fara ɗaura labule a motocinsa, maza gaba mata baya, Dalhatu ya kwaikwaya. Ya yi wa motocinsa koren fenti, Dalhatu ya yi. Yanzu abin ya kai ga kifi.

Aka shirya karo. Ba caca ba ce, Allah ya kiyaye, suna kawai za a fitar. Dalhatu ya kawo nasa a cikin bokiti: shuɗi shar, yana ƙyalli, jelarsa da jan baki. Baƙo ya yi dariya har da hawaye.

"Alhaji, kifi ka sayo ko ɗan rawa?"

Aka zuba shi a akwatin. Na Gwarzo ya je gefen Barde ya kama karkarwa. Baƙo ya ce tsoro ne. Kifin ya koma kusurwa yana kwasar yashi da baki yana tofarwa, har ya yi rami. Baƙo ya ce kabarinsa yake haƙa. Can suka haɗa baki suna ja, suka saki, suka shiga zagaya juna a cikin ramin. Aka bar su kwanaki, ba wanda ya mutu. Dalhatu ya ɗauki abinsa. Kabo ta ce ta yi nasara, Gwarzo ma ta ce ita ta yi.

Daga ranar Barde bai ƙara cin komai ba.

Ya lafe a bayan dutse, baki a rufe gam, maƙogwaro a kumbure, yana ta motsa muƙamuƙi kamar tsohuwa mai goro. Ƙananan kifayen da aka kawo masa na abinci har gogar hancinsa suke yi su wuce. Makonni suka shuɗe. Baƙi suka daina zuwa la'asar. A tasha kuwa, direbobin Gwarzo sai su rage tafiya, su leƙo ta taga: "Ranka ya daɗe, ya mai jiki?"

Mutum kamar Alhaji Baƙo a ce kifinsa ya sha kashi a falonsa, a kan fetur ɗinsa? Ba zai yiwu ba. Ya kafa kujera gaban gilashin ya zuba ido, har Allah ya nuna masa. A ƙarƙashin fatar maƙogwaron akwai wasu baƙaƙen ɗige-ɗige, jere kamar tawada. Laya ce! Dalhatu ya ɗura wa ɗan rawarsa laya, shi kuma ya tura wa Barde lokacin da suka haɗa baki. Dama ina aka taɓa ganin faɗa da sumba?

Ya kira mai unguwa Malam Sajo da dattawan layi, ya aika Gwarzo. Falo ya cika har ƙofa. Aka yi gaishe-gaishe, aka tambayi iyali da damina, sannan Baƙo ya miƙe.

"Malam, ni mutum ne mai haƙuri, kowa ya sani. Amma asiri a zamanin Shari'a? In laya ta fito, Alhaji Dalhatu zai tsaya a tasha ya faɗa wa duniya ya yi maguɗi. In ba ta fito ba, ni zan tsaya in ce Gwarzo ta fi Kabo."

Dalhatu ya ce, "Na yarda, Alhaji. Amma ka naɗe hannun rigar, shadda ce."

Aka kawo farar roba da ruwa, aka ajiye a tsakiyar darduma don kowa ya gani. Baƙo ya kamo Barde da 'yar raga, ya riƙe shi cikin ruwan, ya yi bisimilla da ƙarfi yadda na bakin ƙofa za su ji. Ya sa farce ya ɓare leɓen ƙasa.

Wani abu baƙi ya fito. Sai wani. Sai suka ɓarke kamar an zubar da riɗi, kowanne da idanu biyu da 'yar jela, suka cika robar suna iyo.

Baƙo ya saki Barde a cikin robar. Dattawa suka sunkuyo gaba ɗaya, inuwarsu ta rufe ruwan, 'yan ƙananan suka tsorata, suka ruga da gudu suka koma cikin bakin Barde, uwarsu.